Me ake nufi da pugno a Italiyanci, kuma me ya haɗa shi da takardar sallama daga aiki?

Ƙanena sannu, Allah ya musanya maka da mafi alheri. Na karanta tambayarka, ka ce an ba ka takardar sallama a wurin da kake aiki can arewacin Italiya, ka je ofishin ƙungiyar ƙwadago sai matar da ke wurin ta ce maka sai ka yi impugnare na takardar kuma ka sa hannu di tuo pugno, kai kuma abin da ka sani tun zuwanka ƙasar pugno naushi ne, shi ya sa kake tambaya wai me ya kawo naushi cikin maganar takarda, kuma ita kalmar ma daga ina ta samo asali. Toh tambayar tana da kyau wallahi, kuma na daɗe ina yi wa mutanenmu tafinta a irin waɗannan ofisoshin, na ga yadda kalmar nan ɗaya take rikita mutane, don haka bari in warware maka ita tun daga tushe sannan mu dawo kan takardarka.

Da farko yadda ake faɗinta. Kar ka ce pug-no, babu sautin g a ciki ko kaɗan. Idan ka ga g da n sun haɗu a Italiyanci to ny ne, irin wanda ke cikin sanyi ko hanya, sai dai su suna ɗan danna shi. Punyo za ka ce. Jam'inta pugni, wato punyi. Shi ya sa garin Bologna ake ce masa Bolonya, kuma impugnare ɗin da aka faɗa maka impunyare ne. Kalmar namiji ce, il pugno, un pugno, i pugni.

Asalin ma'anarta kuwa hannu ne da aka dunƙule, shi kenan. In ka riƙe wannan sauran duk za su zo maka da sauƙi. Mu a Hausa mun rarraba abin, muna da dunƙulen hannu, muna da naushi ko ƙulli idan an kai duka da shi, muna da damƙi idan an ɗebo abu a ciki, muna da riƙo, muna da sa hannu. Su kuwa duk sun tattara a kalma ɗaya, saboda a wurinsu hannun da aka dunƙule shi ne dai yake duka, shi yake riƙe wuƙa, shi yake ɗiban shinkafa, shi kuma yake riƙe biro. Kai naushin ka fara ji saboda shi ne ya fi yawo a bakin samari a titi, amma wallahi in ka zauna da tsofaffinsu a gida ko ka buɗe jarida za ka ji sauran sun fi yawa.

Kalmar daga Latin ta fito, yaren tsoffin Rumawa, su suna cewa pugnus, kuma a lokacin ana furta g ɗin da n ɗin daban daban, da tafiya ta yi tafiya baki ya narkar da su suka zama ny amma rubutun ya tsaya yadda yake. Ba ita kaɗai abin ya shafa ba, lignum ya zama legno wato katako, signum ya zama segno wato alama, regnum ya zama regno wato masarauta. Sauran yarukan da Latin ya haifa kowa ya ɗauki rabonsa, Sifaniyawa suna cewa puño, 'yan Fotugal punho, 'yan Romaniya pumn, Faransawa kuma poing. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi lakwal sun san coup de poing, to wancan poing ɗin da wannan pugno ɗin uwa ɗaya uba ɗaya ne. Masana asalin kalmomi suna mayar da ita can baya ga wani tsohon tushe mai ma'anar soka ko caka, wanda shi ne ya ba da pungere, wato cizon sauro ko sukar allura ko harbin zuma. Don haka ka kula da pungo da pugno, harafi biyu ne suka yi musayar wuri, na farko yana nufin ina soka, na biyu hannu ne. Akwai kuma spugna, soson wanka, da prugna wani ɗan itace, sun yi kama da ita a kunne amma babu abin da ya haɗa su.

Wani abu da yake ba ni sha'awa, Girkawa ma suna da 'yar uwarta, pygme, dunƙulen hannu, kuma sun mai da ita ma'auni daga gwiwar hannu zuwa ƙarshen dunƙulen, kusan irin kamu namu da ake auna yadi da shi sai dai namu yatsu a miƙe suke. Daga nan suka samo sunan wasu gajerun mutane na cikin tatsuniyoyinsu da suke cewa tsawonsu bai wuce wannan awon ba, daga baya Turawa suka ɗauki sunan suka liƙa wa mutanen dazukan tsakiyar Afirka, pigmi. Mutanen nan fa suna da sunayensu, Baka a Kamaru, Aka, Mbuti a Kongo, kuma da yawansu ba sa son wancan sunan, ni dai tunda na san daga inda ya fito na daina faɗinsa.

Toh yanzu amfani. Na naushi ka riga ka sani amma bari in daidaita maka. Dare un pugno ko tirare un pugno, kai wa mutum naushi. Prendere a pugni, rufe mutum da duka. Fare a pugni, a ba hamata iska, a dambace. A titi kuma za ka fi jin cazzotto, ita ma naushi ce amma ta 'yan tasha ce, kar ka faɗe ta gaban alƙali ko a ofis. Mari daban ne, schiaffo, shuri kuma calcio, wadda ita ce dai sunan ƙwallon ƙafa a wurinsu. Abin da zai ba ka mamaki shi ne fare a pugni ba mutane kaɗai ke yi ba, in ka sa riga ja da wando ruwan hoda matar gida za ta kalle ka ta ce kalolin nan fanno a pugni, wato suna dambe da juna, ba su dace ba. Haka in maganar mutum ta yau ta saɓa da ta jiya. Idan kuma aka gina wani mummunan bene na siminti a tsakiyar tsoffin gidaje masu kyau sai su ce un pugno nell'occhio, naushi a ido, abin da yake ɓata wa ido rai. Labari ko hoto mai tayar da hankali kuwa, irin na jiragen ruwan da suke kifewa da 'yan uwanmu a teku kusa da tsibirin Lampedusa, 'yan jarida suna kiransa un pugno nello stomaco, naushi a ciki, kuma duk wanda ya taɓa samun irin wannan labarin a waya da tsakar dare ya san ba su yi ƙarya ba, haka ake ji a cikin.

Na biyu shi ne awo, abin da hannu ɗaya zai damƙa. Shekarata ta farko a ƙasar na zauna haya a gidan wata tsohuwa, ba ta da sikeli a kicin, in za ta dafa shinkafarsu mai ruwa ruwa ɗin nan risotto sai ta tura hannu cikin gwangwani ta damƙo ta watsa a tukunya tana lissafi da ƙarfi, due pugni a testa, damƙi biyu kowane kai, in ta gama ƙirga mu sai ta ƙara ɗaya ta ce wannan na tukunya ne. Ina tsaye ina kallon hannunta sai na tuna kakata da yadda take ɗiban gero, a ranar na gane kalmar da gaske, ba a littafi ba. Daga nan ne take nufin ɗan kaɗan, un pugno di uomini mutane 'yan ƙalilan, un pugno di case ƙauyen da bai wuce gida biyar shida ba. Fim ɗin kaboyi na Sergio Leone da ya fito a 1964 wanda ya fito da Clint Eastwood duniya ta san shi, sunansa na asali Per un pugno di dollari, wato saboda 'yan daloli cikin hannu ɗaya. Akwai wata kalmar manciata ita ma damƙi ce, ana musanya su.

Karin maganar da na fi so a duk cikinsu a nan take, restare con un pugno di mosche, a bar mutum da damƙin ƙudaje. Ka yi tunanin wanda ya kai hannu ya cafko ƙudaje, yana ji kamar ya kama wani abu, yana buɗe hannun suka tashi. Mu sai mu ce ya tashi a tutar babu, ko ya dawo hannu Rabbana. Wanda ya yi shekara uku yana aikin tumatir ba kwantiragi aka hana shi kuɗinsa, to shi ne aka bari da pugno di mosche, kuma abin da matar ofishin nan take so ta kare ka daga gare shi ke nan.

Na uku riƙo, da iko. Avere in pugno ko tenere in pugno, abu ko mutum yana tafin hannunka, sai yadda ka yi da shi. Mai sharhin ƙwallo zai ce kulob kaza ha la partita in pugno, wasan yana hannunsu. Pugno di ferro, hannun ƙarfe, ko pugno duro, shi ne idan gwamnati ta ce ba sani ba sabo, kullum sai ka gan shi a kanun labarai musamman in ana maganar baƙin haure ko masu laifi. Battere i pugni sul tavolo, buga tebur, mutum ya tsaya kai da fata sai an ba shi haƙƙinsa. Stringere i pugni, matse hannu, a cije a daure.

A nan akwai abin da nake so ka kiyaye don ya shafe mu kai tsaye. Mu in muka dunƙule hannu muka ɗaga sama jinjina ce, girmamawa ce ga sarki ko babba, ranka ya daɗe. A Italiya wannan ɗaga hannun sunansa pugno chiuso kuma siyasa ce tsagwaronta, alamar 'yan gurguzu da 'yan ƙwadago da masu ra'ayin hagu, za ka gan shi ranar 1 ga Mayu da ranar 25 ga Afrilu da suke bikin 'yantar da ƙasar daga 'yan fasist da sojojin Jamus a 1945. Shi ne kuma sunan da suke kiran ɗaga hannun da 'yan tseren Amurka Tommie Smith da John Carlos suka yi a kan dandamalin karɓar lamba a wasannin Olamfik na Meziko a 1968. Na taɓa ganin wani ɗan uwanmu ya jinjina wa maigidansa Bature a wurin aiki da zuciya ɗaya, mutumin ya tsaya yana kallonsa bai gane ba, sai da na yi masa bayani cewa a wurinmu gaisuwar sarakai ce sannan ya saki fuska har ya rama.

Ita kalmar ta haihu da yawa. Pugnale wuƙa ce mai baki biyu wadda ake damƙewa a hannu, daga nan pugnalata alle spalle, suka ta baya, cin amana. Impugnatura ƙotar abu ko mariƙinsa. Espugnare cin gari da yaƙi. Ripugnante abin ƙyama, wanda rai yake turewa. Tirapugni ƙarfen nan da 'yan daba suke zura yatsu a ciki, kuma makami ne a dokar ƙasar, kar ka yarda wani ya ba ka ajiyarsa. Pugile ɗan dambe, pugilato damben zamani. In ka taɓa shiga Roma ka samu lokaci ka je gidan tarihi na Palazzo Massimo, yana dab da babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, akwai mutum-mutumin tagulla na wani ɗan dambe da aka tono a birnin a 1885, ya fi shekara dubu biyu. Yana zaune ya ɗora hannuwa kan gwiwa ya juyar da kai gefe kamar an kira shi, hancinsa a karye, kunnuwa sun kumbura, an zuba jan ƙarfe a wuraren rauni don ya yi kama da jini, hannayensa kuma a naɗe da igiyoyin fata. Wallahi ina ganin hannun nan sai da na tuna 'yan dambenmu in sun ɗaura kara, bambancin kawai shi duka biyun ya ɗaure. Su ma sun yi zakarunsu a zamanin nan, Primo Carnera ƙaton nan na yankin Friuli ya zama zakaran duniya ajin masu nauyi a 1933, kuma a Roma ne Muhammad Ali ya ci zinarensa na Olamfik a 1960 tun yana Cassius Clay.

A birnin Venis ma akwai gada sukutum mai suna Ponte dei Pugni, gadar naushi, kusa da dandalin San Barnaba. Da can unguwanni biyu ne, Castellani da Nicolotti, suke haɗuwa a kanta su dambace, gadar ba ta da makari a gefe, wanda aka ture ya faɗa ruwa, ɓangaren da ya kore ɗaya daga kan gadar ya ci. Hukuma ta hana wasan a 1705 bayan wani karo da ya wuce gona da iri aka zaro wuƙaƙe, wato aka tashi daga pugni aka koma pugnali. Har yau akwai sawun ƙafa huɗu na farin dutse a saman gadar inda 'yan damben suke tsayawa.

In ka ci karo da le pugna a wani tsohon rubutu kar ka ɗauka kuskure ne, tsohon jam'i ne. Dante, babban mawaƙinsu da ya rasu a 1321, ya yi amfani da shi a waƙarsa ta tafiya cikin jahannama, inda jagoransa ya damƙo ƙasa cike da hannu biyu ya watsa a bakin wani kare mai kai uku, ka ga tun lokacin ma'anar damƙi tana nan. Sannan gargaɗi guda, in za ka ce ɗan damƙi kaɗan ka ce pugnetto da o a ƙarshe, in ka kuskura ka mai da ita ta mace ta koma batsa, don Allah ka kiyaye.

Toh mu dawo kan takardarka. Di proprio pugno, ko di tuo pugno in da kai ake magana, ko di suo pugno in wani ne, yana nufin da hannunka kai da kanka, hannun da ya damƙi biro. Ba wani ya sa maka ba, ba a buga da kwamfuta ba. Suna ɗaukar abin nan da muhimmanci sosai, misali wasiyyar da mutum ya rubuta shi kaɗai ba tare da notaio ba, wato jami'in da ke tabbatar da takardu a hukumance, dokarsu ta ce sai ya rubuta ta gaba ɗaya da hannunsa ya sa kwanan wata ya sa hannu, in ya buga ta da inji ya sa hannu kawai a ƙasa ba ta da inganci. Don haka matar cewa ta yi ka sa hannu da kanka, shi kenan.

Impugnare kuma fuska biyu gare ta. Ta yau da kullum ita ce damƙar abu a hannu, impugnare un coltello, ya riƙe wuƙa, impugnare la racchetta, ya riƙe abin buga tanis. Ta shari'a kuwa ta fito ne daga impugnare na Latin, kai wa abu hari, shi kuma daga pugnare, yin faɗa, wanda asalinsa faɗa da dunƙulen hannu ne. A bakin lauya tana nufin ka ƙalubalanci hukunci ko takarda a hukumance, ka ce ban yarda ba. Ana impugnare hukuncin kotu, da tara, da wasiyya, da takardar ƙin ba da izinin zama, da sallama daga aiki. Ka ga ashe hasashenka bai yi nisa da gaskiya ba, faɗa ne za ka yi, amma da takarda.

Abin da ya fi komai muhimmanci yanzu shi ne lokaci. A dokar ƙwadago ta Italiya ma'aikacin da aka sallama yana da kwana 60 daga ranar da takardar ta shigo hannunsa ya rubuta cewa yana ƙalubalantarta, bayan ya aika kuma yana da kwana 180 ya shigar da ƙara kotun ma'aikata ko ya nemi zaman sulhu. In kwana 60 ɗin nan suka wuce ba ka aika komai ba to ko da gaskiyarka ƙofar ta rufe, kuma na ga mutanenmu da yawa sun yi asara a nan ba don komai ba sai don sun zauna jiran wai maigida zai huce ya kira su. Wasiƙar ba doguwa ba ce, su ƙungiyar za su rubuta maka, a aika ta raccomandata wato wasiƙar gidan waya mai rasit, ko ta PEC imel ɗinsu na hukuma, kai dai ka adana rasit ɗin da ambulan ɗin da takardar sallamar ta zo a ciki saboda kwanan watan da ke jiki. Kuma kar ka sa hannu di tuo pugno a kan kowace takarda da wurin aikin suka miƙo maka sai wanda ya iya yaren ya karanta maka ita, don wani lokaci a ciki ake rubuta cewa ka yafe haƙƙinka.

Gobe da safe ka koma ofishin da takardar, da kwantiraginka, da takardun albashinka busta paga na watannin baya, da katin zamanka. In ka shiga ka ce mata voglio impugnare il licenziamento, ana faɗinsa volyo impunyare il licentsiyamento, wato ina so in ƙalubalanci sallamar. Ka duba kwanan watan da ke kan ambulan tun daren yau ka ƙirga kwana nawa suka rage maka.